Yadda na nemo abokan ƙuruciyata, na kuma same su a wurin bitar wasan kwaikwayo

Duk wanda ya daɗe yana aiki nesa da gida, in hutu ya matso yakan zauna yana lissafin waɗanda zai gani: wanda suka zauna benci ɗaya a aji, wanda suke dawowa daga makaranta tare, wadda take ba shi aron littafi. A lissafi abin da sauƙi. A aikace kuwa akwai neman lamba, akwai jira, har da takardu da shiga ofisoshi in ka faɗa inda na faɗa. Na rubuta wannan ne domin mai shirin irin wannan tafiya, musamman wanda garinsu yake da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa kai, don a wurina neman abokai da kallon wasa sun ƙare da zama aiki ɗaya.

Na fara neman mutane tun ana saura 'yan makonni in taso. Lambobin da na adana tun da daɗewa, wasu a kashe suke, wasu kuma baƙi ne suka ɗauka, domin kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. A WhatsApp wannan ya fi ruɗarwa: sunan abokinka ne yake fitowa tunda haka ka adana, alhali mai riƙe da layin wani ne can daban. Don haka kafin ka buɗe baki ka faɗi ranar da za ka iso ko gidan da za ka sauka, ka tabbatar da wa kake magana. Na koma Facebook, nan ma ban ƙaru sosai ba. Suna ɗaya sai ka ga mutum barkatai, wasu sun koma amfani da laƙabi, wasu hoton 'ya'yansu suka ɗora a madadin nasu. Abin da ya buɗe min hanya ƙanwata ce, da ta ce, "Yaya, me ya sa ba za ka nemi abokin nan naku da yake koyarwa a tsohuwar makarantarku ba? Ai kowa ta wurinsa yake bi." Gaskiyarta. Kowane aji yana da irin wannan mutum da bai taɓa barin gari ba, ya san wanda ya ƙaura, wanda ya dawo, wanda ba shi da lafiya. Ta karɓo min lambarsa a makarantar, kuma a zama ɗaya ya ba ni abin da na yi kwanaki ina lalube.

Shi ne kuma ya gargaɗe ni a kan saƙon farko. Ya ce, "Mutumina, kada ka tura wa kowa 'ka gane mai magana?' Yanzu da haka 'yan damfara suke farawa." Sai na riƙa aika saƙon murya gajere, in faɗi cikakken sunana, ajin da muka yi tare, da wani abu ƙarami da mu kaɗai muka sani, sannan in ce zan zo gida a wata kaza, ba wata buƙata ce ta kawo ni ba illa gaisuwa. Wannan jimla ta ƙarshe tana da amfani, domin mutum in ya ji muryar da ya yi shekaru bai ji ba, zuciyarsa takan fara tambayar me ake nema a wurinsa. Na yi ta jin nauyi kafin in danna aikawa, ina tunanin ko za a ce sai yanzu na tuna da su. Akwai wani bincike da Peggy Liu ta Jami'ar Pittsburgh a Amurka ta jagoranta, aka wallafa a 2022, inda aka gwada dubban mutane aka gano cewa mai aika gaisuwa yakan raina irin daɗin da wanda aka aika wa zai ji, kuma daɗin yakan fi yawa in saƙon ya zo ba zato. Haka na gani. Mafi yawa sun amsa da murna, wasu sai bayan kwanaki, wasu kuma har yau ba su amsa ba, kuma wannan haƙƙinsu ne. Malamin ya saka ni a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, aka yi ta yi min maraba, kowa yana cewa lallai sai an haɗu. Babu wanda ya faɗi rana.

Da na iso, bayan na ba iyali haƙƙinsu, malamin ya tsayar da wata yamma ya sanar. Waɗanda suka zo ba su kai rabin waɗanda suka yi alkawari ba, kuma ban ga laifin kowa ba, ni ne nake hutu, su aikinsu bai tsaya ba. Sa'ar farko ta yi armashi ƙwarai. Muka tuna malaman da suka hora mu, da ranar da aka kama wani yana barci a bayan aji, aka yi dariya har da hawaye. Daga nan sai hira ta fara ƙafewa. Tsohon labari yana da iyaka, in ya ƙare sai a koma tambayar nawa ake samu a can inda kake, ko 'ya'ya nawa, ko ka gina gida. Wanda abin duniya ya yi masa sauƙi ya fara kame baki don kada a ce yana taƙama, wanda bai yi masa ba ya fara duba agogo. Abin da ya cece ni shi ne tun a hanya malamin ya karanto min waɗanda suka rasu, da wanda aurensa ya mutu, da wasu biyu da ba sa ga maciji saboda wani bashi. Ba don haka ba da na tambayi wani lafiyar matarsa alhali ta rasu bara. Muka watse da "sai mun sake haɗuwa" irin wadda kowa ya san ƙila ba za a sake ba. A hanyar komawa na gaya wa malamin cewa raina bai cika ba. Ya yi dariya ya ce, "Waɗanda kake nema ai ba zaman hira suke yi ba. Gobe da yamma ka same ni a makaranta, ka ga inda suke."

Ashe ƙungiyar wasan kwaikwayo ta garin a ɗaya daga cikin azuzuwan makarantar take bita, kuma a cikinta akwai 'yan ajinmu da dama: wani tela da yake ɗinka musu sutura, wani ma'aikacin asibiti da yake fitowa a matsayin tsoho, wani kafinta mai haɗa kayan dandamali, da ma'ajin ƙungiyar wanda a da shi ne mafi rashin ji a cikinmu. Mai ba da umarni kuwa wata 'yar ajinmu ce da a da sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta, yanzu in ta yi magana sau ɗaya aji yakan yi tsit. Akwai littafin baƙi a ƙofa, na rubuta suna da lamba, aka ce in kashe ƙarar waya. Gaisuwarmu ba ta wuce minti kaɗan ba, don lokacinsu ƙididdigagge ne, kowa daga wurin aikinsa ya zo kuma gida na jiransa. Na zauna a gefe ina kallo kamar baƙo, har ta juyo ta ce, "Kai da kake zaune haka, karɓi takardar nan. Duk wanda ya manta maganarsa ka tuna masa kalma uku na farko, kada ka wuce haka, kada kuma ka yi saurin tuna masa, wani shirun da gangan ne." Daga wannan yammar na daina zama baƙo. Suna shirin nuna wasa ne ranar 27 ga Maris, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, wadda Cibiyar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa da Ƙasa ta ƙirƙiro a 1961 aka fara bikinta a 1962. Komai ya kusa kammala sai ɗakin da za a yi wasan. Da aka duba aka ga ni kaɗai ne ba ni da aiki da rana, sai aka haɗa ni da ma'aji mu nemo ɗakin taron garin.

A nan ne jira ya soma. Zuwanmu na farko maigadi ya ce, "Ku dawo da safe, 'ya'yana, mai kula da ɗakin ba ya wuce tsakar rana." Muka ce, "To Baba, mun gode." Da muka same shi, ya ce ba a kama ɗaki da baki. Yana buƙatar wasiƙa a kan takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya, da sa hannun shugaba da na sakatare, a rubuta rana, lokacin farawa da na tashi, irin taron da za a yi, da adadin mutanen da ake sa rai. Sai kwafin takardar rajistar ƙungiyar, da kwafin katin shaida na wanda zai ɗauki alhakin duk abin da ya lalace. Sa hannun sakatare kaɗai ya ci mana yini, don yana wurin aiki a wajen gari. Da muka kai, aka ba mu fom muka cike, aka tura mu ofishin kuɗi. Kuɗin kashi uku ne: na hayar ɗakin, na ajiya da ake mayarwa in ba a ɓata komai ba, da na wanda zai kula da fitilu da lasifika, don ba a yarda wani na waje ya taɓa na'urorin ba. Mai karɓar kuɗi ya fita, muka zauna a benci ni da ma'aji muna jiransa, kuma a wannan zaman ne ya ba ni labarin shekarun da ya yi yana jinyar mahaifinsa, abin da bai ko kusanto shi ba a taronmu na farko. Da muka biya aka ba mu rasit, ni har na miƙe zan tafi ina ganin an gama. Ma'aji ya riƙe ni ya ce rasit shaidar biya ce kawai, kamun rana kuwa sai an rubuta a babban littafin mai kula da ɗaki. Muka koma, aka buɗe littafin, sai ga wasu sun riga sun kama ranar daga safe har yamma ta yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, ai jiya ka ce ranar a sake take." Ya ce a sake take a lokacin, amma wanda ya fara kawo rasit shi ake rubutawa. Aka ba mu daga yamma zuwa dare, wato sai mun jira su fita kafin mu shigar da kayanmu. Sannan muka gano cewa hayar ba ta haɗa da ranar gwaji ba, in muna so 'yan wasa su taka dandamalin kafin ranar, sai an biya na awanni daban. Muka biya, muka tsaya har aka rubuta mu a littafin a gaban idonmu, na ɗauki hoton shafin.

Mataki na gaba shi ne sanar da hukuma. Mai kula da ɗakin ya ce duk taron da za a sayar da tikiti a tara jama'a, yana so ya ga kwafin wasiƙar sanarwa da hatimin ofishin da ke kula da tsaro kafin ya ba da makulli. Wannan doka ta bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka ka tambaya tun ranar farko, kada sai ana gobe wasa. Muka kai wasiƙa kwafi biyu, ɗaya a ajiye, ɗaya a buga mana hatimi. Jami'in ya nemi taƙaitaccen labarin wasan a shafi ɗaya, ya tambaya ko akwai ambaton wani mai riƙe da muƙami. Muka ce babu, labarin iyali ne. Ya ce mu dawo, shugabansa yana taro. Mun koma fiye da sau ɗaya kafin hatimin ya samu. Da na yi ƙorafi a wurin bita, mai ba da umarni ta ce hukuma ba ta taɓa ɗaukar wasan 'yan gari a matsayin wasa kawai ba. Ta kawo misalin ƙauyen Kamiriithu da ke kusa da Limuru a Kenya, inda manoma da ma'aikata suka gina filin wasa da hannunsu suka riƙa yin wasa da harshensu. A 1977 aka janye musu lasisi bayan 'yan makonni ana nunawa, aka tsare Ngugi wa Thiong'o, ɗaya daga cikin marubutan wasan, a ƙarshen shekarar, a 1982 kuma aka rushe filin. Namu bai kai ko kusa da haka ba, amma daga nan na daina ganin hatimin a matsayin ɓata lokaci kawai, garkuwa ce ga ƙungiyar in wani ya tashi da magana daga baya.

Wasan nasu ne, su suka ƙirƙire shi, kuma akwai dalili. Da farko wani ya kawo shawarar a ɗauko wasan da aka buga a littafi, amma nuna wasa a bainar jama'a haƙƙi ne na marubucinsa, sayen littafin bai ba ka wannan izini ba. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886 kan haƙƙin marubuta, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka shiga, haƙƙin yana nan aƙalla shekara 50 bayan rasuwar marubuci, ƙasashe da dama ma sun kai shi 70. Neman izini zai ɗauki lokaci, ƙila da kuɗi. Sai suka bi hanyar da masu wasan wayar da kan al'umma suka saba bi tun shirin Laedza Batanani na Botswana a 1974 da ayyukan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a tsakiyar shekarun 1970: a shiga cikin mutane a saurari abin da ke damunsu, a dawo a gina labari a kai, a gwada, a gyara. Takardar da ke hannuna ma ba ta daina canzawa ba, kullum sai an soke wani layi an rubuta wani da biro. Akwai kuma takardun yardar iyaye, domin yara uku suna cikin wasan, sai mahaifi ko mahaifiya ta sa hannu cewa an yarda yaro ya fito kuma ya kai dare. Na so in ɗauki wasan a waya in tafi da shi, aka ce a'a, ba duk 'yan wasa ne suka yarda a yaɗa fuskarsu a intanet ba. Mutum ɗaya aka naɗa ya ɗauka, don ajiyar ƙungiya.

Tikiti ba a intanet ake saye ba, kuma ba a ofis ba. Ɗan littafi ne mai lamba, an raba wa 'yan ƙungiya kowa ya sayar ya kawo kuɗi da gindin takardar. Yawan tikitin bai wuce adadin kujerun da mai kula da ɗaki ya rubuta a fom ba, kuma ya ja mana kunne cewa kada a jera kujera a gaban ƙofofin fita. Da telan ya ce ni baƙo ne, a ba ni na kyauta, na ƙi. Na riga na ga littafin ma'aji, na ga babu ɗan wasa ko ɗaya da ake biya, kuɗin ƙofa kuwa da ƙyar yake rufe hayar ɗaki, katako, fenti, yadi da buga takardu. Abin da ya rage kafin ranar daga aljihunsu yake fita. Na sayi nawa, na ƙara wasu, na bi gida gida na kai wa 'yan ajinmu da ba su zo taron farko ba. Wannan ya fi duk saƙonnin da na aika tasiri. In ka ce wa mutum "mu haɗu wata rana" zai ce to, amma in ka miƙa masa takarda mai rana da lokaci da lambar kujera, sai ya duba ko zai samu zuwa da gaske. Zumunci a ƙafa yake, amma ƙafar ma tana son a gaya mata inda za ta.

Ranar gwajin ƙarshe komai ya rikice. 'Yan wasan da suka saba da ƙaramin aji suka hau babban dandamali murya ta ɓace, na kujerar baya ba ya jin komai. Mai ba da umarni ta tura kafinta can ƙarshen ɗaki, duk wanda bai ji ba ya ɗaga hannu a maimaita. Mai fitilu bai san labarin ba, sai da muka zauna ni da shi muka rubuta masa a gefen takarda inda zai rage haske da inda zai kashe. Wata ƙofar katako ta ƙi tsayuwa. Ma'aikacin asibiti ya iso a makare daga aiki, ya hau da kayansa na aiki. Awannin da muka biya suka ƙare ba mu kai ƙarshen wasan ba, maigadi yana tsaye da makulli. Na tafi gida cike da fargaba, su kuwa ko a jikinsu, suka ce duk shekara haka ake yi.

Ranar wasa masu taron rana ba su fita da wuri ba. Muka tsaya a waje da katakai da jakunkunan sutura, 'yan kallo sun fara taruwa. Da suka fita, duk wanda ke kusa ya kama aiki, har da 'yan ajinmu da na kai wa tikiti, suka tuɓe manyan riguna suna jera kujeru. An fara a makare, amma ɗakin ya cika. Ni ina zaune a bayan labule ta gefe da ƙaramar tocila da takardata, don haka rabin wasan da kunne na kalle shi. Labarin wasu 'yan'uwa ne da mahaifinsu ya tsufa ya kwanta. Ɗaya yana gida yana jinya, ɗaya yana nesa yana aiko da kuɗi, kowa yana ganin shi ne ya fi ɗaukar nauyi. Akwai ban dariya sosai, musamman in tsohon ya yi kamar ba ya ji alhali yana jin komai. Sau biyu kawai aka buƙaci in tuna wa wani magana. Da rikici ya kai ƙarshe, 'yan'uwan suka rabu ba su shirya ba, mai ba da umarni ta fito ta ce wa jama'a wasan bai ƙare ba. Za a maimaita fitowa ta ƙarshe, duk wanda yake ganin akwai abin da ya kamata a faɗa daban, ya ce a tsaya, ya hau ya karɓi matsayin ya gwada. Wannan salo Augusto Boal ne, mai shirya wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Brazil, wanda ya rasu a 2009, ya yaɗa shi tun shekarun 1970, da nufin kada ɗan kallo ya zauna ana warware masa matsala yana tafi. Da farko kowa ya yi shiru. Sai wata dattijuwa ta ce a tsaya, ta hau ta wanke ɗan da ke nesa tas, ɗaki ya ɗauki sowa. Bayanta wani ɗan ajinmu, direban babbar mota da yake wata da watanni a hanya, ya hau ya karɓi matsayin na nesan. Bai iya wasa ba, muryarsa ma rawa take, amma ya ce wanda yake nesa shi ma ba ya barci, duk kiran da ya shigo da dare sai gabansa ya faɗi. Ina bayan labule na ji kamar daga bakina aka ɗauko maganar. Aka yi ta gwadawa har mai kula da ɗaki ya fara nuna agogo, ba a kuma tsaya a kan amsa ɗaya ba.

Yarjejeniyar hayar ta ce a bar ɗakin yadda aka same shi a daren, don haka bayan jama'a sun watse muka tsaya kwashe kujeru da shara. A nan ne aka yi hirar da na zo nema. Ma'aji ya ce min jinyar da ke cikin wasan rabinta tasa ce. Biyun nan da ba sa magana, ɗaya yana riƙe da wannan gefe na ƙofar katako ɗaya yana riƙe da wancan, dole suka ce wa juna ɗaga, sauke. Ban ce sun shirya ba, amma sun yi magana. Yaran da suka fito a wasan suna ta kirana Kawu suna tambaya ko da gaske mai ba da umarni ba ta magana tana ƙarama. Babu wanda ya tambaye ni albashina. Kafin mu miƙa makulli, ma'aji ya sa mai kula da ɗakin ya zagaya da mu ya duba kujeru da fitilu, ya rubuta a bayan rasit cewa komai lafiya, ya sa hannu.

Ga mai shirin irin wannan, abin da zan ce shi ne ya fara tun kafin ya taso, kuma ya nemi mutum ɗaya da yake gida maimakon ya yi ta bin lambobi. Ya tambaye shi labarin rashi da na saɓani kafin ya buɗe baki a taro. Zaman tuna baya a yi shi, yana da daɗi, amma kada a ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba, mutanen da ka sani suna yara yanzu wasu mutane ne, kuma a wurin aiki tare ake sake saninsu. In garin yana da ƙungiyar wasa, a tambayi ranar bita, ba ranar nunawa kaɗai ba, kuma a karɓi duk ƙaramin aikin da aka miƙo, ko da riƙe tocila ne. In aka tura ka kama ɗaki, ka tafi da wasiƙa mai sa hannu biyu, da kwafin rajista, da katin shaida tun zuwan farko, ka tambayi duk kuɗaɗen a lokaci ɗaya har da na ranar gwaji da na mai fitilu, ka tambayi wa yake da ɗakin kafin ku da bayanku, kuma kada ka bar ofishin sai ka ga sunan ƙungiya a littafi. Duk takardar da ka kai ko'ina, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ka kuma bar sarari tsakanin ranar wasa da ranar komawarka, don akwai sauran aiki.

Sauran aikin shi ne kuɗin ajiya. Ba a mayar da shi da baki, sai an sake rubuta wasiƙa, a haɗa da ainihin rasit ɗin da aka sa wa hannu a baya, a kai ofishin kuɗi, a jira shugaban ofishin ya amince. Na rubuta wasiƙar kafin in tafi, amma kuɗin bai fito ba sai bayan na koma bakin aiki, ma'aji ya ɗora hoton shaidar a zauren ƙungiyar, inda yanzu ni ma nake ciki. Tunda aka ga na iya irin waɗannan wasiƙu, ni aka bar wa su. Ta neman ɗaki don wasan baɗi tana hannun sakatare, a wannan karon mun nemi yinin gaba ɗaya.